Kunyar Mairama a Kan Allon Ces

Wata rana, Asabar da hantsi, ina zaune da takardar wasan wata ɗalibata a hannu, na gano cewa wata shida ke nan yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana yi mini wasa da hankali.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda ba su san ni ba.

Ni malamin lissafi ne a wata firamare da ke Pantami, nan Gombe. Litinin zuwa Juma'a ina fama da alli, ranar Asabar kuma ina koya wa yara ces. Ces ɗin nan dai da wasunku ke cewa darar Turawa, mai sarki da sarauniya da doki.

Allo biyar gare mu. Ɗaya ma murfin kwalbar lemo ne dokinsa, don na asalin ya bi aljihun wani yaro bai dawo ba.

Yara ashirin da ɗoriya ke zuwa. Wasu don wasan, wasu don gudun wanke-wanke, kuma duk na san su.

A cikinsu akwai Mairama.

Bafulatana ce, siririya, maganarta sai ka kasa kunne. In ka tambaye ta abu, takalminka take kallo ta ba ka amsa.

Wata biyu da fara zuwanta ta gama da duk yaran ajin. Ba ihu, ba tsalle. Za ta rufe wa yaro sarki, ya rasa gidan gudu, sai ta jera 'ya'yan wasan a mazauninsu ta ce masa, "Sannu."

Amma ni ba ta taɓa kayar da ni ba. Ko sau ɗaya.

Ni kuwa sai kai ya kumbura. In na gama da ita sai in miƙe in gyara hula in ce, "Yara, abin da babba ya hango..." su kuma su ƙarasa mini da ƙarfi. Har wani littafi na ware ina rubuta wasanninmu, wai don tarihi.

Allah Ya yafe mini.

Da na ga babu sauran yaron da zai ja da ita, sai na nemi izinin gidansu na fara kai ta wata majalisa da manya ke buga ces a gindin darbejiya. Wasa huɗu ta yi da dattawan wurin, duk huɗun ta faɗi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kayar da ita, wallahi sai da na tuna masa yadda doki ke tafiya.

Abin ya tsaya mini a rai.

A ces, duk motsin da ka yi sai ka rubuta a takarda. To ranar Asabar ɗin nan na karɓi takardunta, na jera allo, na dinga bin wasan ɗaya bayan ɗaya.

A wasan farko, motsi na ashirin da uku, taku ɗaya ya rage sarauniyarta ta rufe sarkin mutumin. Sai ta bar sarauniya ta tura wani ɗan soja a can gefen allo, inda babu abin da yake tsinanawa.

Na ce kuskure ne.

A wasa na biyu, haka. Na uku, haka. Duk inda nasara ta zo hannunta sai ta kauce mata da gangan.

Sai wani abu ya ce mini, Malam Sabi'u, ɗauko littafinka na tarihi.

Na ɗauko. Na bi wasa tara. A bakwai daga ciki, na mutu tuntuni, yarinya ce ta ɗage mini ƙafa.

Gumi ya karyo mini, ga fanka tana juyawa.

Na kira ta gefe, na nuna mata allon.

"Mairama, a nan ba ki ga sarauniya ba?"

Ta kalli takalminta. Can ta ce, "Na gani, Malam."

"To me ya hana ki?"

"Yana da furfura."

Na ce, "Ni fa? Furfurar me gare ni?"

"Kai malamina ne. Dada ta ce yaron da ya kunyata babba a gaban mutane ba ya gamawa lafiya."

Dada ita ce kakarta, wadda ta raine ta tun yaye.

Jama'a, ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, kuma na rasa wa zan huce a kansa. Na yi ta faɗa. Na ce a kan allo babu babba babu yaro! Na ce ko shugaban ƙasa ne ya zauna gabanki, ki rufe shi!

Ta ce, "To, Malam."

Mako na gaba ta sake faɗuwa, sai dai wannan karon ta ɓoye abin da kyau don kada in gane. Ni da na koya mata dabara, da dabarar take rufe mini ido.

Babu abin da ban gwada ba. Na yi lallashi, na yi barazana. Har labulen ɗakina na ciro na rataya tsakaninta da abokin wasa, don kada ta ga fuska. Na zaunar da wani dattijo daga majalisar a bayan labule.

Wasa ya yi kyau har motsi goma. Da ta lura da hannun da yake miƙowa ta ga fatar ta yamutse, shi ke nan, sai ta fara rabon kyauta.

Ana cikin haka mahaifinta ya zo.

Malam Hamman sunansa, yana sayar da maganin dabbobi a kasuwar shanu. Mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya. Mairama ce 'yar farinsa, don haka ko sunanta ba ya kamawa.

Ya kafe babur ya ce, "Malam, yarinyar nan bana za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Ana ta ce mini ta iya wannan abu, amma duk inda ka kai ta sai in ji ta faɗi. In ba ta iya ba, gara Asabar ɗinta ta koma ta littafi."

Na ce, "Malam Hamman, wallahi ta iya. Bar musu take yi, wai don sun girme ta."

Sai ya yi murmushi. "Madalla. Ashe tana da hankali."

Kun ji fa. Ina kawo ƙara, ashe yabo na kawo.

Na roƙe shi ya ba mu mako uku. Akwai gasa da masu ces na garinmu suka shirya, kowa da kowa zai shiga, yaro da babba. Mutum huɗu na sama za a zaɓa su je Bauchi su wakilce mu.

Ya ɗan yi tunani ya ce, "In ta shiga cikin huɗun nan, ta ci gaba. In ba ta shiga ba, ka yi haƙuri, ta gama."

Ya tayar da babur ya tafi.

Na juya na ga Mairama a bakin taga, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Wani ɗan soja na allo ne a hannunta, ta damƙe shi ƙam. A ranar na san cewa yarinyar nan tana son wasan nan fiye da yadda nake sonsa, kuma ta shirya rasa shi da dai ta saɓa maganar kakarta.

Ranar gasa ta zo.

Wani zauren taro aka ara, mutum talatin, zagaye biyar a yini ɗaya. Ita kaɗai ce mace, ita ce kuma ƙarama.

Zagaye na farko da na biyu, 'yan sakandare aka haɗa ta da su. Samari ba ta tausaya musu. Ta yi musu sannu ta tashi.

Zagaye na uku, wani mai kemis ne da furfura a gemu. Tun da na ga ta durƙusa ta gaishe shi na san ta faru ta ƙare. Ta faɗi, ya fito yana ta yabon kansa.

Zagaye na huɗu, wani ɗan jami'a mai gilashi. Ya zauna yana danna waya, ko kallonta bai yi ba. Minti ashirin ya fito yana tambayar mutane 'yar waye wannan.

Nasara uku, faɗuwa ɗaya. Lissafin a fili yake, ko ɗan aji biyu zai iya. In ta yi nasara a na ƙarshe ta shiga cikin huɗu. In ta faɗi, ta gama da ces.

Bayan Azahar aka liƙa sunaye a bango. Na kutsa na duba.

Mairama Hamman da Alhaji Girema.

Na sake karantawa, ko idona ne.

Alhaji Girema tsohon ma'aikacin awon filaye ne, ya haura saba'in. Gemunsa fari tas, har gira. Tun kafin a haife ni yake buga ces, kuma a ranar babu wanda ya ɗauki ko rabin maki a hannunsa.

Ko da gaske ta buga, aiki ne ja. Balle ga wannan gemu.

Na fita bakin famfo na wanke fuska. Gaskiya har na fara shirya kalmomin da zan lallashe ta da su a hanyar gida.

Sai na ji wani yana waya a bayana, yana ta zuba Barbarci.

Na waiga. Alhaji Girema ne, yana riƙe da buta. Tun safe nake ganin tsagen da ke kumatunsa, amma kaina bai kawo komai ba sai a lokacin.

Babarbare.

Ita kuma Bafulatana.

Kun dai san tsakanin Fulani da Barebari. Abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ɗan Fulani ɗan shekara bakwai zai tare tsohon Babarbare a kasuwa ya ce masa bawana, a yi dariya a wuce, babu wanda zai ce ya yi rashin kunya. Dada da kanta, in ta haɗu da Babarbare, ba ta raga masa.

Wata nawa ina dukan bango da kai, ashe ga ƙofa nan a jikin bangon.

Na jira ya gama waya, na rusuna na gaishe shi, na kwashe labari kaf na faɗa masa. Har da littafina na tarihi, ban ɓoye ba.

Ya dinga dariya har yana riƙe ciki. Sannan ya dube ni.

"Wato, ɗana, so kake in taimaka maka a kayar da ni?"

"A'a, Baba. So nake in za ka kayar da ita, ka kayar da ita da gaskiya. Kada ka ɗaga mata ƙafa, ita ma kada ta ɗaga maka. Tsokanarta kawai za ka yi."

"Bafulatana ce ka ce?"

"Gaba da baya."

"To ai wannan ba sai ka roƙe ni ba."

Aka kira zagayen ƙarshe. Mairama ta zo teburin kanta a ƙasa, ta durƙusa har gwiwa.

"Baba, ina wuni?"

Alhaji Girema ya leƙa ta ta saman gilashi, ya ɗaga murya yadda rabin zauren zai ji.

"Kai! Wa ya kawo mini baiwata nan? Ke, ina ƙwaryar nonon? Tashi ki koma ruga, wannan wasan masu birni ne."

Kowa ya waigo.

A hankali Mairama ta ɗago kai. Tun da na san ta, ranar na fara ganin ta kalli babba cikin ido. Ta kalli tsagen nan ta sake kalla.

"Baba, Babarbare ne kai?"

"Na asali ma kuwa."

Ta miƙe, ta karkaɗe hijabi, ta ja kujera ta zauna daram.

"To ai kai ne bawana. Zauna da kyau."

Zauren ya kwashe da dariya. Alƙalin wasa sai da ya buga tebur kafin a yi shiru. Aka danna agogon da ke ƙirga lokacin wasa.

Malami ba ya magana in an fara, ko tari mai ma'ana aka ji ka yi sai a kore ka. Na koma jikin bango na harɗe hannu.

Tsohon nan bai raga mata ba, ni shaida ne. Tun motsi na goma ya matse ta a gefen sarkinta, ya ɗauke mata soja guda. Na ce shi ke nan, dabarata ta zo a makare.

Ita ko a jikinta. Ta tallafe haɓa da hannu biyu tana kallon allo.

Sauran tebura suka gama ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka taru a kansu, har mai kemis ɗin nan yana ɗaga ƙafa yana leƙe.

Wajen motsi na talatin, Alhaji Girema ya turo sarauniyarsa gaba don ya ƙarasa aiki. Yana sakinta na ga abin da ya faru. Akwai wani gida guda da in dokin Mairama ya dira a kai, zai kama sarkinsa da sarauniyarsa a lokaci ɗaya. Dole sarki ya gudu, sarauniya ta tafi.

Na gani. Shi ma ya gani, don na ga ya cije leɓe.

Ita ma ta gani.

Ta miƙa hannu wajen dokin, sai hannun ya tsaya a sama. Ta kalli farin gemun nan, ta kalli mutanen da suka kewaye su. Sai na ga hannun yana zamewa a hankali zuwa gefen allo, wajen wani ɗan soja.

Na rufe ido. Wallahi na ji kamar in kurma ihu.

Sai na ji muryar tsohon, ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake magana.

"Ni dama na sani. Fulani ba su iya hawa doki ba, sai bin saniya."

Alƙali ya ce, "Baba, shiru don Allah!"

Na buɗe ido daidai lokacin da ta ɗauki dokin nan ta dire shi. Ƙwas! Har wanda ke bakin ƙofa sai da ya ji.

Mutumin nan ya san abin da zai same shi, kuma da bakinsa ya kira shi. Ban taɓa ganin dattako irin wannan ba.

Bai miƙa wuya nan take ba. Ya yi ta fafutuka har motsi goma sha biyu, yana haƙa mata rami tana tsallakewa. Daga ƙarshe ya cire gilashi, ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa.

Zauren ya ɗauki tafi da kabbara. Ni kuwa ban san lokacin da na jefa hulata sama ba, har yau ban ga inda ta faɗa ba.

Mairama ta zame daga kujera ta durƙusa, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Tashi, 'yar nan. Da kin bar mini, da shi ne kin raina ni. Babban da yaro ya bar wa wasa, an mayar da shi yaro ne. Wanda kike girmamawa, ki ba shi duk ƙarfinki."

Ya kama hannunta ya ɗaga sama da kansa.

Da aka karanto sakamako, ita ce ta uku. Alhaji Girema na biyu. Mota ɗaya za su shiga zuwa Bauchi, ya ce ta shirya, a hanya zai rama.

Bayan La'asar Malam Hamman ya iso ɗaukarta. Bai ko sauka daga babur ba Alhaji Girema ya tare shi.

"Kai ne uban wannan? To zo ka biya ni diyya, 'yarka ta kayar da ubangidanku a gaban jama'a."

Malam Hamman ya kalli tsagen, ya kalle ni.

"Malam, da gaske? Babarbare ta kayar?"

"Da gaske. Ta shiga cikin huɗu."

"A gaban mutane?"

"Mutum talatin, ban da 'yan kallo."

Ya kawar da kai gefe yana gyara madubin babur da babu abin da ya same shi. Bai kalle ta ba. Amma ni ina tsaye ta ɓangaren madubin, na ga haƙoransa duka a waje.

Ta hau baya. Ya tayar da babur, ya yi gaba kaɗan, sai ya taka birki ya waigo.

"Malam, ranar Asabar ƙarfe nawa ma kuke farawa?"

"Ƙarfe tara."

"To. Akwai ƙannenta biyu a gida. Ka tanadar musu wurin zama."

Darasi: In kana koyar da yaro ka ga ya toge, kada ka yi saurin cewa tsoro ne ko daƙiƙanci. Wani lokacin tarbiyyar gidansu yake karewa, kuma ba zai sayar da ita don ya faranta maka ba. Faɗa ba zai raba shi da ita ba. Ka shiga cikin tarbiyyar ka nemo masa hanya, kakanninmu ba su gina ɗaki babu ƙofa ba. Mu kuma manya, mu daina jin daɗin nasarar da yara suka bar mana.

Tura wannan ga malamin da ya taɓa yin haƙuri da kai, da duk iyayen da ke da mai kunya a gida. In kuma kana da aboki Babarbare, fara da shi.